Rufe ruwa a Kebbe da Tambuwal: wa ke da ikon hana su, wa kuma zai fara shiga idan an buɗe?

Gulbin Zamfara bai san iyakar jiha ba. Yana baro ƙasar Anka da Bukkuyum, ya wuce Gummi, ya shigo kudancin Jihar Sakkwato ta ƙaramar hukumar Kebbe, ya shayar da fadamun da suka miƙe har ƙasar Tambuwal, sannan ya faɗa Jihar Kebbi ta Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato, wanda ke kai ruwansa Kogin Neja. Kafin 27 ga Agustan 1991, duk wannan tafiya a cikin jiha ɗaya yake yin ta. A ranar aka cire Kebbi daga Sakkwato, aka kuma cire Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996. A yau tarwaɗar da ta ƙyanƙyashe a fadamar Kebbe tana iya ƙarewa a tarun mutumin Gummi ko na Jega. Gwamnoni uku da majalisun dokoki uku ke da iko da hanyarta. (Kada mai karatu ya rikice: Kebbe ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce maƙwabciya.)

Kukan masunta a wannan yanki, kamar na 'yan uwansu a Yawuri da Haɗeja, sananne ne: kifi ya ragu, wanda ake samu kuma ya ƙanƙance. Maganin da ya fi saurin zuwa bakin masana da jami'ai shi ne a rufe ruwa na wasu watanni, a bar kifi ya hayayyafa. Shawara ce mai hujja. Amma a duk inda aka gwada ta a duniya, daga Tafkin Kainji har kogunan Alaska, rigimar takan koma kan tambayoyi uku. Wa zai ɗauki yunwar watannin da aka rufe? Wa zai fara shiga idan an buɗe? Kuma shin masuncin da aka hana shi ne ya ƙarar da kifin tun farko?

Me ya sa ake rufe ruwa

Kifin gulbi da ambaliya yake rayuwa. Idan damina ta kankama ruwa ya fara hauhawa, manyan kifaye sukan bar cikin gulbi su bi ruwa zuwa fadama, inda ciyawa ta nutse. A nan suke zuba ƙwai. Balli da yauni sheƙa suke yi a cikin ciyawa, su tsare ta. Karfasa da tarwaɗa da ƙurungu su ma a wannan ruwan mai ɗumi da yalwar abinci 'ya'yansu ke girma. Idan kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, kifi ya nemi komawa gulbi ta ƙananan magudanai, wanda ya makara kuma ya tsaya a tafkuna har rani. Masu binciken kogunan Afirka sun daɗe da tabbatar da abin da tsofaffin masunta suka sani: shekarar da ambaliya ta yi faɗi ta kuma daɗe, kamun da ke biye da ita yakan yi kyau.

Wurare biyu ke da haɗari ga kifi a wannan zagaye. Na farko lokacin hawa, sa'ad da uwa ke ɗauke da ƙwai; kama ta ɗaya daidai yake da kama dubbai. Na biyu lokacin saukowa, sa'ad da ake iya datse magudana da jerin gura ko da koma mai ƙananan idanu, a kwashe har 'ya'yan da ba su kai tsawon yatsa ba. Idan aka ƙara da gidan sauron da aka mayar abin su, da zuba guba, ko ta gargajiya irin magimfa ko maganin ƙwarin gona, za a ga dalilin da ya sa ake maganar rufewa.

Mun riga gwamnati rufewa

Rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi da Sakkwato. Tun kafin zuwan Turawa akwai Sarkin Ruwa, wanda ke faɗin ranar da za a shiga tafki, da irin kayan da za a shiga da su, da wurin da ba a taɓawa. Wani jami'in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bincike kan masuntan Kabi a 1942, inda ya bayyana tsarin sarautunsu da al'adunsu na ruwa. Daga cikin al'adun da aka san ƙasar Argungu da su akwai gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe kakar su a bainar jama'a. Kalmar ita kanta shaida ce: ba a fasa abin da ba a rufe ba.

Bikin Argungu, wanda ake lissafin farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda kuma UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, a kan wannan doka yake tsaye. Ana hana su a Matan Fada tsawon shekara, sannan a buɗe na kimanin sa'a ɗaya ga dubban mutane riƙe da homa da gora. Giwan ruwan da ake ɗagawa gaban kyamara ribar wannan haƙurin ce. A ƙasar Tambuwal ma, Tafkin Romo an san shi da nasa bikin kamun kifi, kuma tafkunan fadama da yawa a arewa rana guda ake sa musu, gari ya fito a yi su tare.

Me ya sa mutane ke bin umarnin Sarkin Ruwa alhali ba shi da ɗan sanda? A ganina dalilin a fili yake. Shi ma masunci ne, haramcin ya hau kan gidansa kamar yadda ya hau kan na kowa. An san ranar buɗewa. An kuma san cewa wanda ya yi haƙuri shi zai ci moriya, ba wani da zai zo da mota daga birni ba. Ba na cewa tsarin ba shi da aibi. Sarauta takan yi son kai, kuma inda kuɗi suka shigo akan ji ƙorafin an jinginar da tafki ga mai hali an bar talaka da kallo. Matan da ke banda da sayar da kifi, waɗanda rufewa ke taɓa jarinsu kai tsaye, ba kasafai ake jin ta bakinsu ba. Duk da haka tsari ne da mai rufewa da wanda aka rufe wa suke sallah a masallaci ɗaya.

Abin da doka ta ce

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa harkar kifi a jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma ya cire kamun kifi a koguna da tafkuna da sauran ruwan cikin ƙasa. Ma'ana, su a Kebbe da Tambuwal hurumin Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato ne. Wannan abu ne da ya kamata matashin da ke bibiyar siyasa ya riƙe, domin idan ana maganar kifi hankali yakan tafi Abuja, musamman tun da aka ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa a 2023. Ɗan majalisar jiha da aka zaɓa daga yankin ya fi minista kusa da wannan magana.

Akwai kuma dokar soja mai lamba 108 ta 1992, wato Dokar Kamun Kifi a Ruwan Cikin Ƙasa, wadda har yanzu take cikin kundin dokokin tarayya. Ta haramta kama kifi da guba, da abin fashewa, da wutar lantarki. Ta hana amfani da koma mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in su. Ta tanadi lasisi, ta kuma ba kwamishinan jiha ikon ayyana wuri ko lokacin da aka hana kamun kifi. Tarar da ta yanka kan waɗannan laifuka ta tsaya tsakanin 'yan ɗaruruwa da 'yan dubban naira, kuɗin da a yau ba zai sayi tarwaɗa biyu masu kyau ba.

Abin lura shi ne wanda dokar ta ɗora a kujerar Sarkin Ruwa. Ikon rufewa ya koma hannun kwamishina, wanda ke zaune a babban birnin jiha. Masuncin da kakanninsa suka shekara ɗaruruwa a bakin tafki ya zama mai neman lasisi, daidai da wanda ya sayi kwale-kwale jiya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta riga ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 kuma ta ba tarayya iko da ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, kamar Gulbin Zamfara. Ruwa na tarayya, kifin cikinsa na jiha, ƙasar bakinsa ta gwamna. Masunci fa?

Inda aka kai wannan tambaya kotu

A arewa maso yammacin Amurka da Kanada akwai wani kifi da ake kira salmon. A kogi yake ƙyanƙyashewa, ya tafi teku ya yi shekaru, ya dawo kogin da aka haife shi ya zuba ƙwai ya mutu. Al'ummomin asali na yankin, waɗanda Turawa suka tarar, da shi suke rayuwa. A 1854 da 1855 sun sa hannu kan yarjejeniyoyin da suka miƙa ƙasarsu, bisa sharaɗin za su ci gaba da su a wuraren da suka saba. Bayan shekara ɗari, da kifin ya ragu, Jihar Washington ta riƙa kama su da sunan kare kifi, alhali jiragen 'yan kasuwa da masu kamun nishaɗi ne ke kwashe mafi yawa. Billy Frank Jr., ɗan ƙabilar Nisqually, an kama shi fiye da sau 50.

Ranar 12 ga Fabrairun 1974 alƙalin tarayya George Boldt ya yanke hukuncin cewa ƙabilun suna da haƙƙin rabin kifin da ya halatta a kama, kuma su abokan gwamnati ne wajen kula da shi. An yi zanga-zanga, an ƙi bin hukuncin, sai da Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da shi a 1979. A Kanada kuma, wani mutumin Musqueam mai suna Ronald Sparrow aka kama da komar da ta fi tsawon da lasisi ya yarda. A 1990 Kotun Ƙolin ƙasar ta shimfiɗa jerin fifiko: da farko a bar wa kifi abin da zai hayayyafa, sai abincin al'ummar asali da bukukuwansu, bayan nan 'yan kasuwa da masu nishaɗi. Ta kuma ce duk lokacin da gwamnati za ta taƙaita wannan haƙƙi, ita ce za ta kawo hujja.

Wannan jerin fifiko shi ne abin da na ga ya fi dacewa mu ara. Bai hana rufewa ba. Abin da ya yi shi ne faɗin wanda za a fara hanawa da wanda za a hana a ƙarshe.

Ko can ɗin ma rigimar ba ta mutu ba. A Afrilun 2024 Kanada da Jihar Alaska suka amince a dakatar da kamun babban nau'in salmon mai suna Chinook a Kogin Yukon har shekara bakwai, tsawon rayuwar kifin guda, har da kamun abinci na ƙauyuka. Mutanen kogin suna nuna yatsa ga manyan jiragen da ke jan taru a Tekun Bering, waɗanda ke neman wani kifin daban amma salmon ke faɗawa tarunsu, kuma ba a dakatar da su ba. Masana kimiyya na cewa ɗumamar ruwa da cuta suna da babban kaso a raguwar. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Abin da ba a musu a kai shi ne cewa mai ƙaramin kwale-kwale ne aka fi sauƙin hanawa.

Wa ya ƙarar da kifin

A nan ne ya kamata mu daɗe. An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, a 1978. An fi tuna ta da kisan manoman da suka yi bore kan diyya a Afrilun 1980. Akwai wata asarar da ba ta yi ƙara ba. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, W. M. Adams, ya bi fadamun da ke ƙasa da madatsar a farkon shekarun 1980, ya nuna yadda ambaliya ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta suka riƙa tafiya neman ruwa wasu wurare. Daga baya madatsar Goronyo ta zo a kan Gulbin Rima. Dokar 1992 da muka ambata ta bukaci masu gina madatsa su bar wa kifi hanyar wucewa, amma ta zo ne bayan an gama ginin.

Gaskiya ne Bakolori da Goronyo ba a kan Gulbin Zamfara suke ba. Amma gulaben haɗe suke a ƙasa, kifin da ke hawowa Kebbe daga can yake fitowa, masuntan da ruwa ya ƙare wa a can kuma wani ruwan suke nema. Shi ma Gulbin Zamfara yana da nasa nauyin. Noman rani ya bunƙasa a fadamun Kebbi da Sakkwato, musamman bayan ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015. Injinan ban-ruwa suna zuƙar tafkunan da kifi ke fakewa a cikinsu da rani. Maganin ciyawa da na ƙwari suna gangarawa inda ruwa ya gangara. Gefen tafki da a da ciyawa ce, wurin sheƙar balli, ya zama gona. Sare itatuwa yana sa yashi ya cike gulbi. A can sama kuma, Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, suna cikin ƙasar da ruwanta ke gangarowa nan.

Ba manomin shinkafa nake zargi ba. Sau da yawa shi ne masuncin, ko ƙanensa. Abin da nake cewa shi ne, dokar da za ta hana mai homa shiga ruwa wata uku, ta bar injin ban-ruwa ya tsotse tafkin a wata na huɗu, ba ta ceci kifi ba, ta dai hukunta wanda ya fi rauni. A Kogin Klamath na Amurka, ƙabilun Yurok da Karuk sun shekara fiye da ashirin suna faɗin haka tun bayan mutuwar dubun-dubatar salmon a 2002. An gama rushe madatsu huɗu a kogin a 2024, kuma cikin makonni aka ga kifin a wuraren da ya shekara fiye da ɗari bai kai ba. Babu mai cewa a rushe Bakolori ko Goronyo. Amma sakin ruwa daga madatsa daidai lokacin da kifi ke hawa abu ne da ake yi a wasu ƙasashe, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke riƙe da makullin.

Tarkon "ɗan asali"

Akwai wurin da misalin Amurka da Kanada zai iya ɓatar da mu. A can, haƙƙin al'ummar asali ya tsaya ne a kan rubutattun yarjejeniyoyi tsakanin waɗanda aka tarar da waɗanda suka zo suka mamaye. A Najeriya kuwa "ɗan asali" kalma ce ta takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda ake amfani da ita a hana mutum aiki ko gurbin karatu a garin da aka haife shi. Idan aka ɗauko ta aka kai bakin ruwa, za ta cuci waɗanda ake son karewa.

Su sana'ar tafiya ce. Sarkawa, waɗanda suka gaji su kaka da kakanni, daga ƙasar Kabi suka bi ruwa har Yawuri da gaba da nan, kuma masuntan Hausa suna bakin Tafkin Chadi, suna Kamaru, suna kogunan Nijar. Mutumin Kebbe da zai ce a kori baƙon masunci daga tafkinsu, mai yiwuwa yayansa baƙo ne a wani ruwan. Sashe na 41 da na 42 na Kundin Tsarin Mulki sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya so, sun kuma hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. A al'ada ma, baƙo ba korar sa ake yi ba. Yakan gabatar da kansa ga Sarkin Ruwa, ya bi dokar wurin, ya ba da abin da aka saba bayarwa.

Don haka idan za a rubuta fifiko a dokar jiha, a ɗora shi kan dogaro da ruwan da kuma irin kayan aiki, kada a ɗora shi kan jini. Gidan da ke ci daga tafkin, mai homa da gora da ƙugiya, ya zo gaba. Mai babban taru da inji wanda ke lodi zuwa birni ya biyo baya, shi kuma za a fara tsayarwa idan kifi ya yi ƙaranci, ko da kakansa ne ya sari garin.

An taɓa gwada abin da ya yi kama da haka a kusa da mu. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya ja masunta daga ko'ina. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus ya ƙirga masunta da kayansu da abin da suke kamawa, aka haramta dala, wato jan taru mai ƙananan idanu daga gaɓa, aka kuma shigar da sarakunan gargajiya da shugabannin masunta cikin ba da lasisi da sa ido. Abin ya yi tasiri lokacin da shirin ke raye. Da kuɗin waje suka ƙare, sa idon ya yi rauni. Abin koyi a nan shi ne an fara da ƙirga, kuma da masunta aka yi ƙirgar. Hausawa na cewa idan kifi ya fito daga ruwa ya ce kada ido ɗaya gare shi, wa zai musa? Mutumin da ke shiga Tafkin Romo tun yana yaro ya san watan da yauni ke sheƙa da magudanar da kifi ke bi, kuma ba ya bukatar alawus kafin ya faɗa.

Sai maganar yunwa, wadda ba a cika sa ta a takarda ba. Lokacin da kifi ke zuba ƙwai shi ne tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Wanda ke haɗa su da noma yana gona a watannin. Wanda su kaɗai ya gada, da matar da jarinta ke kan banda, ba su da inda za su juya. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun raba mutane da ƙauyuka da gonaki a sassan Kebbe, wanda kuma ya rasa gona ruwa yake nufa, domin shi ne abin da ya rage da ba ya bukatar jari mai yawa. Jami'an tarayya suna yawan maimaita cewa ƙasar na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, tana samar da ɗan abin da ya haura tan miliyan ɗaya, kuma mafi yawan wannan daga hannun ƙananan masunta yake fitowa. Duk kwamishinan da zai sa hannu kan takardar rufe ruwa a Yuli da Agusta, ya kamata a tambaye shi nawa aka ware a kasafin shekarar don gidajen da za su ajiye koma, da kuma ko ya yi magana da takwarorinsa na Gusau da Birnin Kebbi, tunda kifin da aka bari ya wuce Kebbe da safe yana iya kwana a Jega.